Idon Kasuwa da Idon Asibiti

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaka da dama wa yara koko yau da safe aka kira ni daga Gwiwa, wai Gwaggo Dije mai ƙuli-ƙuli ta rasu.

Duk wanda ya san ta ya san idonta na hagu a mace yake. Shekarun baya yanar ido ta rufe shi, wani mai magani a kasuwa ya soka mata allura wai zai kwantar da yanar, shi ke nan ido ya tafi. Na daman kuwa a asibiti aka yi mata aiki, aka cire yanar aka sa ɗan gilashi a ciki, ta dawo tana zura zare da kanta.

Tun daga nan, in ta ji wata tsohuwa ta fara lalube, har ɗaki take bin ta. Ta kama hannunta ta ɗora a fuskarta: "Taɓa nan, wannan na kasuwa ne. Taɓa nan, wannan na asibiti. Sai ki zaɓa."

In an ce jifa ne sai ta tuntsire da dariya. "Wa zai ɓata layarsa a kanki? Furfura ce ta shiga ido. Ga tsufa, ga suga, ga rana da hayaƙin murhu tun muna 'yan mata."

Ita ke raka su asibitin Kazaure, ta zauna a bakin tiyata har a fito da su, in sun dawo ta hana su sunkuyawa hura wuta.

Mahaifiyata ma yanar ta rufe mata ido, jikokinta sai ta murya take gane su. Na yi lallashi, na yi fushi, na yi kuka, Inna ta ce ba mai taɓa mata ido da wuƙa. Gwaggo Dije ce kaɗai ta shawo kanta, aka sa aikin ranar Alhamis mai zuwa.

Ganina da ita na ƙarshe ranar kasuwar da ta wuce ne. Ta cusa min ƙullin ƙuli-ƙuli a jaka ta ce, "Ke dai kin cika zafin kai, Malama. Bar min tsohuwar nan, ni zan riƙe mata hannu."

Ɗazu na daure na faɗa wa Inna a waya. Sai ta ce, "Kar ki ɗaga ranar. Na so a ce fuskarta na fara gani."

Wallahi nan na kasa riƙe kukan.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Dije, Ya haskaka kabarinta kamar yadda ta yi sanadin hasken idon bayinSa. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ranar Alhamis kuma ku tuna da Inna.