Yadda Na Kunyata Dattijon da Ya Ba Ni Raket a Tailan

Malam Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne, ƙaramin malamin gona a Wudil, haifaffen wani ƙauye a yankin Lajawa. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya fara kwarara, gwamnati na ta tura ma'aikata kwas ƙasashen waje. Ina da sabon babur, ina da wando mai faɗin ƙafa, kuma ina ganin babu wanda ya fi ni sani a duk ofishinmu. Da sunana ya fito cikin waɗanda za su je ƙasar Tailan koyon noman shinkafa na rani har wata tara, sai kaina ya ƙara girma. Mahaifina ya raka ni har bakin gada, ya ce in riƙe salla, in kuma riƙe harshena. Na riƙe ta farkon.

Ni kaɗai aka kai wata gonar gwaji mai nisa da babban birninsu, sauran abokan tafiyata aka rarraba su wasu garuruwa. Nan na san abin da ake kira kaɗaici. Mutanen wurin ba su da mugunta, amma gaisuwarsu haɗa tafin hannu ce da ɗan sunkuyawa, shi ke nan an wuce. Babu mai tambayarka gajiya, babu mai tambayar mutanen gida. Sai in yi kwana uku ban furta wata doguwar magana ba in ba karatun salla ba. Abinci kuwa tsoron naman alade ya sa na koma farar shinkafa da dafaffen ƙwai har na rame. Ran Juma'a ta fi min ciwo. Nakan zauna a bakin ɗakina ina ƙiyasta cewa yanzu kasuwar Wudil ta cika, kukan shanu ya haɗu da hayaniyar dillalai, ni kuwa ga ni ina kallon fadamar da ba ta san ni ba.

Akwai wani dattijo mai kula da injinan ban-ruwa, gajere, mai furfura, ya kusa ajiye aiki. Wata rana da la'asar ya tsaya a gabana, ya miƙo min raket, ya yi min nuni da hannu in biyo shi. A bayan ma'ajiyar taki suna da fili da raga, inda ma'aikata ke buga badminton bayan an tashi, wasan nan da ake dukan 'yar ƙwallo mai gashin tsuntsu ana tsallakar da ita raga. Ban iya ba, ina ta dukan iska, suna dariya, ni ma ina yi. Ranar na fara jin ni mutum ne a cikin mutane. Daga nan kullum sai na je. Dattijon ya koya min riƙon raket, ya koya min ƙidaya da harshensu, matarsa kuma takan kawo mana yankakken gwanda da ruwan kwakwa. Ba mu jin maganar juna sai kalma ɗaiɗai ta Turanci, amma na fara kiransa Baba, shi kuma yana amsawa. A cikin makonnin nan ne ma aka fara kawo min abinci da naman kaza daga wata mata Musulma a kasuwar garin, na ɗauka tsarin hukumar gonar ne.

Da ƙuruciya da tsawo, ban yi wata uku ba na fi kowa iyawa. A nan shaiɗan ya shigo. Su suna wasa ne don su yi dariya su huce gajiya, ni kuwa na koma yi don in ci. Na lura in ƙwallo ta faɗi kusa da layi a ɓangaren Baba, sau da yawa yakan ce ta fita alhali tana ciki, sauran kuma su yi shiru. Abin yana cina a rai, ina cewa wato don ni baƙo ne, baƙar fata, shi ya sa ake haɗa baki a cuce ni.

Ranar bikin girbi na gonar aka shirya 'yar gasa. Iyalan ma'aikata duk sun zo, har da shugaban wurin. Ni da Baba muka kai ƙarshe. Na bugo wata ƙwallo ta sauka ciki da tazarar tafin hannu, ya ɗaga hannu ya ce ta fita. Ban san lokacin da na buga raket ɗin da ƙasa ba har ya karye, raket ɗin da shi ya ba ni. Na tsallaka raga, na nuna shi da yatsa a gaban matarsa da yaran aikinsa, na ɗaga murya da Turanci na ce shi maƙaryaci ne, macuci, ya girma bai san girma ba. Baba ya dube ni, ya yi murmushi, ya haɗa tafin hannunsa ya sunkuya min, ya tsince karyayyen raket ɗin ya fita. Wallahi da na ga murmushin nan na ɗauka ya amsa laifinsa ne.

Washegari na je fili, ba kowa, an ma kwance ragar. Jibi ma haka. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya ɗaure min fuska. Kowa na gaishe ni da murmushi ya wuce da sauri. Da yamma nakan jiyo sautin ƙwallo da dariyarsu daga can gidajen ma'aikata, inda suka mayar da wasan. Wata huɗu na yi a haka. Kaɗaicin farko na rashin sani ne, wannan kuwa na san abin da na rasa. Sau da dama na kama hanyar gidansa, girman kai ya juyo da ni, ina ce wa kaina ai ni ke da gaskiya, ƙwallon tana ciki.

Saura mako guda in dawo, wata mai buga tafireta a ofis, wadda ta iya Turanci, ta kawo min takardun tafiya. Na kasa daurewa na yi mata ƙorafin yadda aka ƙaurace min. Sai ta ce a hankali, ashe ban san Baba ba ya gani da idon hagu ba, na daman ma ya fara hazo. Ta ce kowa ya sani, shi ya sa ake bar masa duk abin da ya ce, domin wasan nan shi kaɗai ya rage masa. Ta ƙara da cewa abincin da nake ci, shi ya hau keke ya nemo matar nan Musulma da ya ga ina ramewa, kuma ko bayan abin da na yi masa bai bari an daina kawo min ba.

Da gudu na isa gidansa. Na tarar da ƙofa a rufe. Maƙwabta suka yi ta nuna ido suna nuna hanya, na gane an tafi da shi babban birni aikin ido. Har na bar ƙasar bai dawo ba. Daga Wudil na rubuta masa wasiƙa uku, ina kwaikwayon adireshinsu da rubutun da ban iya ba, kamar mai zane. Ban sami amsa ba, ban ma san ko sun isa ba. Yau na haura shekarunsa na wancan lokaci, nawa idon ma ya fara hazo, jikokina ke karanta min saƙo a waya.

Abin da nake so masu karatu su ɗauka, musamman matasa masu fita ƙasashen waje, shi ne wanda ya jawo ka cikin mutane a lokacin da ba ka da kowa ya fi duk wata nasara da za ka ci a kansa. In ka ga jama'a sun yi shiru a kan wani abu, ka tambaya kafin ka yanke hukunci. In kuma ka ɓata wa mutum, ka je ka ba shi haƙuri a ranar, kada ka tsaya lissafin wa ke da gaskiya. Ni ina da gaskiya a kan ƙwallon, amma har zan koma ga Allah ban sami yafiyar dattijon nan ba.