Ranar da na ba Farfesa hanya

Malamin da ya duba aikina na digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak, can Malesiya, ɗan ƙasar ne, gajere mai kaurin wuya, ya haura hamsin. A Wales ya yi karatu, kuma cikin abin da ya kwaso daga can har da ciwon zari-ruga, wasan nan da ƙarti ke rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai suna tumurmusa juna a laka. Ni kuwa sa hannunsa nake nema a babina na ƙarshe kafin wa'adin tallafin karatuna ya cika. In ya cika ban gama ba, sai dai in kwashi mata da 'ya'ya daga gidan hayarmu na unguwar Sentul mu koma Kano hannu rabbana.

Akwai wani matashin ɗan wasan Wales, jikan tsohuwar da Farfesa ya yi haya a gidanta. Wallahi na san tarihin yaron nan fiye da na ƙannena. Ya fara a ƙungiyar ƙauyensu, babbar ƙungiyar yankin ta ɗauke shi, ya buga wa matasan ƙasar, kafaɗa ta goce ya sha jinya, ya dawo, daga ƙarshe aka kira shi babbar tawagar Wales ya sa jar rigarsu. Duk zuwan da zan yi ofis da takarduna sai na sha wannan karatu daga Fatiha. Wurin da Farfesa ya fi so shi ne ranar atisayen yaron na farko da manya, inda ya sunkuci kyaftin ɗin da hotonsa ke manne a ɗakinsa tun yana ƙarami, ya maka shi da ƙasa. In an zo nan Farfesa har tebur yake bugawa. A raina ina cewa wannan ai rashin tarbiyya ne, a baki kuma in ce haka ne, Prof.

Ni da "haka ne" mun daɗe tare. An raine mu a kan babba ba ya kuskure, sai dai mantuwa. Ya ce in cire sakin layi, in cire. Bayan wata ya ce in mayar, in mayar har da godiya. Da ya tambaye ni ko ana wasan a Nijeriya, bakina ya riga hankalina, na ce ai har ni ina ɗan taɓawa. Ni da ko langa ba a ɗauka ta sai in an rasa mutum.

Sai ga wasan zari-ruga tsakanin malamai da ɗalibai, ranar Asabar da safe, da sunana a takarda. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa ta yi tagwaye. Aka ajiye ni can baya, na yi ta kauce wa ƙwallo ina salati. Dab da tashi ta faɗa hannun Farfesa. Ya taho yana haki, tumbi na rawa, ba kowa tsakaninsa da layin cin maki sai ni. 'Yan ɓangarenmu suna ta ihu in kayar da shi. In kayar da wa? Malamina, sa'an kawuna, a gaban jama'a? Ƙafafuna suka yi abin da suka saba tun makarantar allo: na ja gefe, na ɗan rusuna, hannu a ƙirji. Har sannu na yi masa. Ya wuce ya dangwala ƙwallon a bayan layin ya ci, ya juyo yana kallona, ba wanda ya tafa.

Ranar Litinin na same shi da babina a gabansa, alƙalami a buɗe. Bai yi zancen ɗan Wales ba, karo na farko. Ya nuna mini wurare biyu da ya sa na sauya sakamakon bincikena, ya ce da gangan ya yi, nawa ne daidai tun farko, so yake ya ga ko zan musa. Wata biyu yana jira. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya fi kunyar, don na ga kuskuren tun a lokacin na haɗiye.

Ya ce, "Masu jarraba ka za su taho da gudun da ya fi nawa. Su ma hanya za ka ba su?"

Na buɗe baki in kare kaina, sau ɗaya dai a rayuwa. Abin da ya fito shi ne, "Haka ne, Prof."

Ya rufe alƙalamin bai sa hannu ba, ya mayar aljihu.