Allurar da Na Ɓoye a Cikin Safa

Ko tsufa zai share mini komai daga kai, ba na jin zai taɓa ranar da na ɗauko allurar yayata daga Zariya, na kawo ta Randagi a cikin safa. Shekaru sun wuce, amma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Yayar nan ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Da ciwon daji ya kama ta a mama, Allah ya taimake mu aka sa sunanta a tsarin gwamnati na sauƙaƙa wa masu wannan ciwo samun magani. Duk lokacin da aka ƙara mata ruwan maganin, jininta kan yi ƙasa, sai an bi ta da wata allura, in ba haka ba ɗan zazzaɓi ma yana iya kayar da ita. A wancan karon allurar ba ta iso asibitin Zariya ba, aka sallame ta, aka ce wani ya dawo bayan kwana biyu ya karɓa, a yi mata a gida.

Wa zai je in ba ni ba? Ni ne mai takardar sakandare a gidanmu, ni ke karanta wa mutane saƙon waya, kuma a lokacin gani nake duk Randagi babu wanda ya kai ni.

Matar da ke ba da magani ta miƙo mini wata ƴar farar kula mai tambarin asibiti, da ƙanƙara a ciki. Ta ce, "Malam, kada ka bari ta rabu da sanyi har ka isa. Ka gane?" Na ce, "Haba Hajiya, ai wannan ƙaramin abu ne." Ban tambayi dalili ba, wai don kada ta ɗauke ni ɗan ƙauye.

A tashar Kaduna wayona ya motsa. Duk mai bin hanyar Birnin Gwari ya san abin da ake faɗa: in ƴan bindiga suka tare mota suka ga mutum da kayan asibiti, to likita ne a wurinsu, shi za su fara korawa daji ya yi musu jinya. Mun riga mun saba, waya a cikin buhun masara, katin aiki a ƙarƙashin takalmi. Ina tsaye rungume da kula, sai wani dattijo ya ce, "Likita, gaba za ka zauna?" Nan take na zagaya bayan masallacin tasha, na naɗe allurar a leda na cusa a safa. Kular kuwa na ba wata mai zoɓo kyauta, har da addu'a ta yi mini. A raina na ce wannan zancen sanyi iyayi ne kawai na ƴan birni.

Bazara ce fa. Muka daɗe a rana muna jiran sojojin rakiya, muka ratsa dajin, sannan na hau babur daga Birnin Gwari, ƙafar da ke ɗauke da allurar tana manne da inji. Ko akuya ba ta tare mu ba.

Na isa ina ba da labarin dabarata kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Malamin asibitinmu ya karɓi kwalbar, ya juya ta a tafinsa, ya dube ni. "Dafa ta ka yi?" Ɗumi gare ta kamar ƙwan da aka ɗaga kaza a kai. Ya ce shi ba zai sa wannan a jikin mutum ba. Yaya tana kwance a tabarma tana jinmu. Abin da ta ce kawai, "Auta, ka ci abinci kuwa?"

Washegari na koma Zariya na faɗa wa Hajiya gaskiya, kaina a ƙasa. Ta ce, "Da ka gaya mini yadda hanyarku take, ai da a kular abinci na zuba maka ƙanƙarar." Sai bayan mako aka samu wata. Kafin nan zazzaɓi ya kayar da Yaya, ta yi kwana tara a gadon asibiti, aka ɗage mata magani. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji a dajin ba.

Allah ya tashi kafaɗunta. Duk wanda ya zo dubiya ya tambayi abin da ya faru, sai ta ce maganin ne ya lalace a hanya. Ba ta taɓa ambaton wanda ya lalata shi ba, ina zaune a gefenta ina ji.

Tun daga nan na gane cewa magani bai isa ga mara lafiya ba don kawai ya isa asibiti, sai ya bi hanyarmu a hannun irinmu. Kuma in aka ce mini "ka gane?" ban gane ba, yanzu nakan ce ban gane ba.