Tsayin Motar Baba Mai-Gora

Shekara ashirin da shida Baba Mai-Gora yana jan babbar mota, ko madubi bai taɓa fasa wa kamfani ba. Sunan nan kuwa ya samo shi ne daga wata doguwar sandar gora da yake ɗaurewa a gefen bodi, wadda ya yi wa zane-zane da jan fenti, kowane zane da lambarsa. Kafin ya tayar da mota sai ya kwance ta, ya jingina da bodi, ya ɗaga kai ya duba. Direbobi su yi ta tsokanarsa.

"Baba, ta ƙara tsawo tun jiya?"

"In ta ƙara kai zan fara gaya wa, sarkin surutu."

Mutum ne mai saurin hawa, amma ba ya hawa a kan banza. A gida maiɗakinsa ta san in ya shigo ya rataye hula ba magana, to an taɓa shi a wurin aiki, sai ta ajiye masa ruwa ta ba shi wuri. 'Yarsu ɗaya ce, mijinta ma direba ne, Baba da kansa ya kawo shi kamfanin ya tsaya masa.

Ana nan sai kamfani ya sayo na'urar nuna hanya, aka liƙa wa kowace mota a jikin gilashi. Muryar mace ce a ciki, ba ta gajiya da ba da umarni, shi ya sa direbobi suka sa mata Malama. Abin ba laifi, ka gaya mata tsawon motarka da faɗinta da nauyinta da tsayinta, ita kuma ta kauce maka duk gadar da ba za ka shige ba. To amma wa zai gaya mata? Manaja ya ce shi da kansa. Ya fito fili da tef ɗin awo da takalminsa mai ƙyalli, ya sa aka kafa masa tsani, ya auna motar Baba tana danƙare da buhunan fulawa. Mita uku da santimita casa'in. Ya danna lambar a cikin Malama, ya kulle da lambar sirri.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, da kaya ka auna ta."

"To, da me za a auna ta?"

"In an sauke kaya sifirin da ke ɗauke da bodi yana miƙewa, ta tashi. Ba kaya mita huɗu ce da biyar."

Manaja ya yi 'yar dariya, ya dubi sauran direbobi. "Baba, mota ba yarinya ba ce da za ta girma tsakanin safe da yamma."

Aka kwashe da dariya. Har da waɗanda suka san gaskiya ya faɗa, munafukai, suka buɗe haƙora don manaja ya gani. Wannan dariyar ta fi komai ƙona wa Baba rai.

Ga inda matsalar take. Tsakanin sito da inda suke kai fulawa akwai gadar jirgin ƙasa, an rubuta a goshinta da baƙin fenti: mita huɗu. Da kaya motar tana shigewa lafiya lau. A dawowa ba kaya, Baba tun fil azal yakan zaga ta bayan masana'antar katako, ƙarin kilomita goma sha takwas. Yanzu Malama ta ce a'a, ta ƙarƙashin gada. Kuma ga sabuwar doka an manna a ƙofar ofis: duk wanda ya bar hanyar da na'ura ta zana, takardar gargaɗi. Uku, kora.

Dawowar farko ya zaga. Malama ta yi ta "juya, juya", ya jefa mata tawul a fuska. Kafin ya iso an riga an buga takarda. Ya shiga ofis ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce manaja ya fito yanzu-yanzu, ga mota a fili ba kaya, ga gora, ga tsani. Taku ashirin ne daga kujerarsa zuwa motar. Wallahi taku ashirin! Manaja ya ce yana da taro. Ya ƙara da cewa tsofaffin direbobi sun saba zagaye don su sha mai, an gano su.

Ɓarawo ke nan aka ce masa, da furfurarsa. Ran nan da ya koma gida ko ruwan bai sha ba.

Sati na biyu, takarda ta biyu. Maiɗakinsa ta ce, "Malam, ko za ka lallaɓa ka gwada a hankali? Wataƙila ta shige."

"Ƙarfe ne da siminti, ba a lallaɓa su," in ji shi. Bai yi mata tsawa ba, don ya ga idonta ya kawo ruwa. Ta san abin da takarda ta uku take nufi ga mai shekara hamsin da takwas, shi ma ya sani.

Ranar Laraba da hantsi ya sauke kaya ya kamo hanya. Da ya hango gadar sai ya rage gudu, ya tsaya a gefe daf da ita. Ya sauko, ya kwance gora, ya auna mota, ya je ya auna gada, motoci na ta danna masa ham. Ya san amsar tun kafin ya sauko, so yake kawai idonsa ya sake gani. Santimita biyar. Yatsu uku ke nan in ka jera su. Ya ɗauki hoto da waya ya tura wa manaja, ya tsaya cikin rana yana jira. Aka nuna an gani. Ba a ce uffan ba.

Ya hau, ya juya mota, ya zaga ta bayan masana'antar katako.

Ba manaja ne ya miƙa masa takardar korar ba, a hannun mai gadi aka bari. Shekara ashirin da shida, a ƙofa, a tsaye, kamar wanda ya zo neman aikin lebura. Baba ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Ya kwaso bargonsa da butarsa daga kan mota. Gorar kuwa ya bar ta ɗaure a inda take, don ba shi ne mai bukatarta ba yanzu.

Kwana tara yana zaune a ƙofar gida yana gyara abin da bai lalace ba. A rana ta goma, wajen azahar, waya ta yi ƙara. Mijin 'yarsa ne. Ashe shi aka ba motar, kunya ta hana shi faɗa.

"Baba, ina gaban gadar. Na sauke kaya. Malama ta ce in miƙe."

"Ka auna?"

"Na auna, Baba. Huɗu da biyar."

"To uban me kake tambaya ta?"

Baba yana jin ƙarar injin ta cikin waya, yana jin ham ɗin motocin da ke baya. A tsakar gida 'yarsa ce take shanya, ta zo wuni, cikinta wata bakwai, tana ɗaga hannu da ƙyar zuwa igiya.

"Baba, za su ba ni takarda."

Baba ya runtse ido. Da manaja yana kusa da Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Ya sassauta murya don kada yarinyar ta ji.

"Juya motar," ya ce. "Ka karɓi takardar. Saura biyu."