Inna Rabi, Wadda Ta Gaishe da Ɗana

Ina tankaɗen gari da hantsi maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Sadiku, Inna Rabi ta cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye rariya, na ɗauka, na sake ajiyewa. Har yau zama bai kama ni ba.

Mun baro Runka ne muka dawo Safana saboda ɓarayin daji, da ɗana Sadiku a hannu. Ya isa magana amma ba ya yi, ba ya kallon idon mutum, in injin niƙa ya tashi sai ya toshe kunnuwa yana ihu. Aka ce iska ce, muka yi rubutu muka yi hayaƙi. Daga baya likita a Katsina ya ce lalura ce da ake kira otizim, ba ta shan magani ba ce, sai koyarwa da haƙuri. Na daina zuwa biki da suna, har Islamiyya na bari.

Inna Rabi ce malamar ajinmu na matan aure. Ta biyo sawuna har gida, ta tarar da Sadiku yana jera totuwar masara a ƙasa. Ta durƙusa nesa kaɗan, ba ta taɓa shi ba, ta ce, "Sannu da aiki, Malam Sadiku." Tun da muka zo garin ba wanda ya taɓa gaishe shi.

"'Yar nan," ta ce, "ɗana Lawal har ya yi gemu, haka yake. Gobe ki zo da shi makaranta."

"Inna, zai hana mutane karatu."

"To su koyi haƙuri, shi ma darasi ne."

Ita ta haɗa mu, iyaye mata masu irin waɗannan yara, a gidanta ranar Alhamis. Wata takan zo daga Tsaskiya in hanya ta yi lafiya. Ta koya mana mu riƙa gaya wa yaro abin da za a yi kafin a yi. Tana da faɗa, ba ta ɓoye shi. "Wanda ba ya magana ba kurma ba ne," takan ce, "ku daina kuka da shi a gabansa." Takan kuma ce, "Uwa ma a tambaye ta ko ta ci abinci."

Ranar da aka yi kururuwar ɓarayi sun doso gari, kowa na gudu, Sadiku ya kwanta a bakin hanya ya ƙi motsi. Na kasa ɗaga shi. Inna, da ciwon gwiwarta, ta zo ta lulluɓe shi da mayafinta, ta zauna tare da mu har aka gane ba kowa.

Da na je gaisuwa na ga Lawal tsaye a ƙofar ɗakinta da buta cike da ruwa, don shi ke kai mata ruwan alwala. An gaya masa ta rasu, amma da aka kira la'asar ya sake cikawa. Yayarsa ta ce za ta tafi da shi Darini, shi kuwa bai taɓa kwana wani gida ba. Mata suna tambayata ko za mu haɗu Alhamis.

Allah Ya jiƙan Inna Rabi, Ya yafe mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ya ba 'ya'yanta haƙurin rashi. Ya Allah, Kai Ka san abin da ke zuciyar Lawal wanda bakinsa ba zai iya faɗa ba, Ka haɗa shi da masu tausayinsa. Amin.