Ranar da Na Ce Babu Kowa a Ciki

Gidan da nake zaune a unguwar Gubaira, nan ƙasar Larabawa, tsohon gini ne mai sassa uku da tsakar gida ɗaya. Na wani Balarabe ne mai kantin kayan gini, wanda mijina ya yi wa aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Mutumin nan ba ya korar ma'aikacin da ya tsufa a hannunsa, sai dai ya ba shi ɗaki a gidajensa na lungunmu, shi ya sa ake kiran wurin layin tsofaffi. A namu gidan mu uku ne: ni, tun bayan rasuwar maigidana, da wata 'yar Damagaram da ta yi wa iyalin Balaraben girki, sai tsohon direbansa, mutumin Maraɗi, a sashen bakin ƙofa.

Direban nan shi ya wanke mijina, da shi aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Oud. Mata ba ma shiga, kaburburan kuma ba suna a kansu, don haka shi kaɗai ya san wurin. Matarsa ma can aka binne ta. Duk Juma'a yakan lallaɓa da sandarsa ya je, in ya dawo ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, "Hajiya, na je wajen mutumin naki, na yi mishi addu'a." Da wannan maganar nake samun natsuwa har wata Juma'ar.

Sai gine-gine suka taso mana. Yau a rushe garejin gyaran mota, kafin ka ankara imara, wato benen haya, mai hawa biyar ta tsaya a wurin, an cika ta da mutanen da ba mu san daga ina suke ba. Rana ta daina sauka tsakar gidanmu sai wajen azahar. Tagogi suka yi mana rumfa, ko shanya zan yi sai na yafa mayafi. Ruwan famfo ya koma ɗigo, tsofaffin layin kuma suka riƙa tsayawa bakin titi suna jiran wanda zai tsallakar da su masallaci saboda motoci. Ana cikin haka Balaraben ya rasu, gidajen suka koma hannun 'ya'yansa.

Ni dama Allah ya yi ni da zargi, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba, don ya sha fitar da ni. Duk wanda ya tsaya ya kalli bangonmu fiye da ƙima, sai na ce aunawa yake. Ga kuma wata ɗabi'a da duk wanda ya daɗe a ƙasar nan ya tashi da ita: in baƙo mai takarda a hannu ya tambayi su wa ke cikin gida, amsa ɗaya ce, babu kowa. Ba a koya wa mutum, tsoro ne ke koyarwa. Na kuma san iƙamar direba, takardar zamansa, da sunan marigayi Balaraben take, ta mutu tun bayan rasuwarsa, 'ya'yan ba su sabunta ba.

Wata safiya da hantsi aka buga ƙofa. Na leƙa ta kafa na ga wani mutum cikin farar jallabiya, riƙe da babbar waya mai faɗi yana rubutu a kai. Ya yi sallama da ladabi, ladabin ma ya ƙara mini shakka. Ya tambaya da Larabci ko ni ce matar marigayi ma'aikacin kanti, na ce ni ce, tunda takarduna lafiya suke ta hannun ɗana. Ya tambayi mai girki, na ce ta fita. Sai ya nuna sashen bakin ƙofa.

"Nan fa, wa ke ciki?"

"Ma fi ahad," na ce, babu kowa. "Sito ne, tarkace ne kawai."

Ya kasa kunne jikin ƙofar, shiru. Ya rubuta, ya yi godiya, ya tafi. Ranar har tuwo na ƙara don jin daɗin na tsare maƙwabcina.

Bayan sati uku muka wayi gari da jan fenti a bangon sashen direba, da takarda manne. An sayar da sashen haɗe da filin da ke gefe, a kwashe kaya kafin ƙarshen wata. Namu sassan ba a taɓa su ba.

Nan take zuciyata ta tafi kan 'yar Damagaram. Surukinta yana aikin zuba kankare wajen masu ginin nan, na kuma taɓa ganinsa yana taka gefen bangon kamar mai ƙirga taku. Na daina aika mata kwano. In ta gaishe ni, in amsa a daƙile. Da ta gaji ta tare ni wajen famfo.

"Hajiya, mi na yi miki?"

"Ke kika sani, Yaya. Ki tambayi surukinki nawa ne faɗin ɗakin bawan Allah."

Ta dube ni, ta saka abayarta ta fita. Ashe gidan babbar 'yar marigayi Balaraben ta tafi, wadda ta girma da abincin hannunta. Bayan la'asar ta dawo ta zauna a bakin ƙofata ba tare da na ba ta tabarma ba.

Ta ce marigayin ya bar wasiyya: duk ɗakin da tsohon ma'aikacinsa ke ciki, kada a sayar sai ya mutu ko ya tashi da kansa. Mai farar jallabiyar nan 'ya'yan ne suka aiko shi ya rubuta ɗakunan da ke da mutane, don a bar su, a kuma gyara wa mazauna cikinsu takardu. Ba ruwansa da kamen kowa.

"An ce wata mata ce ta ce mishi sito ne," in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

'Yar marigayin ta yi wa 'yan'uwanta magana, amma an riga an sa hannu da kamfanin gini, magana ta wuce su. Abin da suka iya shi ne gyara iƙamar, direba ya koma wajen ɗansa a Naseem, can gabashin gari, inda ba a zuwa Oud da ƙafa.

Kwana biyu ina juya yadda zan faɗa masa. Ranar tafiya na same shi zaune kan akwatinsa, ɗan yana loda katifa a mota. Na durƙusa, abin da ban taɓa yi masa ba.

"Alhaji, ni ce. Ni na ce wa mutumin babu kowa. Ka yafe mini."

Ya jingine sandarsa, ya ce:

"Tashi, Hajiya. Ina ciki ranar nan, na jiya ki. Da ya buga ƙofa ni na kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da hannuna don kar ya ji ƙara, na zauna cikin zuhwa ina sa miki albarka."

Na tambaye shi ko zai riƙa zuwa Oud. Ya ce in yaron ya samu sarari zai kawo shi, amma yaron Juma'a ma aiki yake. Ya so ya kwatanta mini wurin kabarin, daga ƙofa taku kaza, a karkata dama, sai ya tuna ba shiga zan yi ba, ya bari.

Yanzu imara ce a inda ɗakinsa yake, da shagon wanki a ƙasa. Ni da 'yar Damagaram mun koma aika wa juna kwano, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan zauna kusa da ƙofa, har yau ban iya hana kaina ba. In an ƙwanƙwasa, mai kawo tukunyar gas ne, ko wani baƙo da ya ɓace yana neman lambar gida.