Rumbun da Na Gina a Cikin Kango

Ni maginin rumbu ne, rumbun ƙasa, wanda a wajenmu ake kira rufewa. Sana'ar mahaifina ce, kuma ba zan yi ƙaryar tawali'u ba: daga ƙauyukan Pauwa har ƙasar Faskari da Sabuwa, in ka ga rumbu mai ciki kamar tulu, da zanen yatsu kewaye da bakinsa, to ko hannun mahaifina ne ko nawa. Zanen nan shi ne shaidarmu. Mahaifina ba ya yin sa sai ya ƙwanƙwasa jikin rumbun ya ji ƙarar da yake so, ni ma haka na tashi.

Aikin ba ya son gaggawa. Za ka kwaɓa ƙasa da ciyawa, ka bar ta ta yi kwanaki ta ruɓa. Ka jera duwatsu a ƙasa saboda gara da danshi. Ka ɗora gini kaɗan, ka tafi gida, sai ya sha iska ka dawo ka ƙara. Wanda ya ɗora a kan ɗanye, rumbunsa zai tsage kafin ya ga damina ta biyu. Na sha gyara irinsu, ina yi ina tsaki a gaban mai su, don ni ban iya ɓoye raini ba.

Da mutanen daji suka matsa mana, na kwashe iyalina muka dawo cikin garin Ƙanƙara, muka kama ɗaki a gidan haya. Gona ba ta ɗaukuwa a ka, gida ma haka. Sunan da na yi a gini shi kaɗai na zo da shi. A gari kuwa ba mai neman rumbu, buhu ake zubawa a jibge a ɗaki. Na koma leburanci wajen maginan bulo, ina miƙa musu siminti, mutanen da ba su san ƙasa tana da hali ba. In babu aiki in zauna a bakin tasha ina kallon hanyar garinmu. Ga ta nan a shimfiɗe, amma in la'asar ta yi ba mai bin ta. Ina jin kaina kamar akuya a turke, kuma abin yana ci mini rai ƙwarai.

Yayata ita ta ƙi tashi. Mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki da gona guda, ta ce in ta zo gari me za ta ba su. Ni na gina mata rumbunta tun ana zaman lafiya, na yi masa yaɓen makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin gini, har yana sheƙi. Wata shekara bayan kaka mutanen daji suka shigo ƙauyen, suka kwashe dawarta kaf, suka cinna wa jinkar rumbun wuta. Da labari ya iso ni na hau mashin na je. Na gaishe ta, na yi mata jaje, sai ƙafata ta kai ni wajen rumbun ina shafa jikinsa.

"Auta," in ji ta, don haka take kirana, "hatsina aka kwashe, kai kau gininka ka zo dubawa?"

Na ce, "Yaya, kin ga ko tsagewa bai yi ba."

"Ai shi ya ja mani. Tun daga bakin rafi ake hango shi, ya sha kwalliya kamar amarya."

Maganar ta zauna mini a ƙirji, don gaskiya ce. Shekarar nan da taimakon dangi suka kai damina.

Da dawa ta sake nuna ta aiko a kira ni. Ta kai ni tsohon ɗakin mijinta, wanda rufinsa ya rufta ya zama kango, ta nuna mini ciki.

"Nan nike so ka yi mani. Kada ya wuce bango tsawo. Kuma mummuna nike so."

"Mi kike nufi da mummuna?"

"Wanda ko kare ba zai kalla ba. Duk wanda ya leƙo ya ce bango ne ya zube. Kuma bakinka alekum, ko matarka kada ta ji. Ka san yanzu ba a san mai kai masu labari ba."

Na so in yi fushi. Mutum ya shekara da shekaru yana gyara hannunsa, a ce ya zo ya ɓata da gangan. Amma jikokinta suna tsaye a tsakar gida, na ga yadda wuyansu ya rame, na karɓi aikin.

Gaggawa ce dai na ƙi yi. Ta so in gama a zuwa ɗaya saboda hanya, na ce mummuna daban, ɗanye daban. Haka na riƙa zuwa, in fita sai rana ta ɗaga, in ɗora abin da zan ɗora, in juyo kafin la'asar. Mai mashin ba ya magana a hanya, ni ma ba na yi, kowa idonsa na kan daji. Matata ta ɗauka gyaran katanga nake yi, kullum sai ta ce wace irin katanga ce wannan da za a mayar da ita bazawara a kanta.

Ban taɓa yin rumbu kamar wannan ba. Wurin ƙunci ne, a durƙushe na yi rabin aikin, amma ƙasar ta ruɓa yadda nake so, ginin ya tashi sumul. Na yi masa makuba. Na ƙwanƙwasa, ya ba ni ƙarar nan. Sai na sa yatsuna na ja zanen mahaifina kewaye da bakinsa, na koma gefe na zauna ina kallo.

Yaya ta leƙo ta ce, "To, ka gani, ni ma na gani. Rufe shi."

Da hannuna na ɗebi cakuɗaɗɗiyar ƙasa da ɓaraguzan tsohon bango na riƙa maka masa, har zanen ya ɓace. Na haɗe shi da bangon kangon a karkace, muka zuba dawa, muka ɗora tsohon kwano mai tsatsa da kara a kai. Da na fito na waiwaya, ni kaina na ji kunyar abin.

Bayan wani lokaci, ran kasuwar Ƙanƙara, ina zaune wajen mai shayi cikin jama'a, sai ga wani Alhaji daga wajen Sabuwa yana cigiyata. Ya ce wajensu an ɗan samu sauƙi, yana son rumbu, kuma an ce masa in dai rumbu ne ni za a nema. Tun da na zo gari ba wanda ya neme ni da sana'ata sai ranar. Kafin in buɗe baki wani magini ɗan ƙasar Faskari, wanda na sha gyara aikinsa ina tsaki, ya yi dariya.

"Alhaji, wannan da ne. Na biya ta gidan yayarshi, na ga gyaran bangon da ya yi mata. Wallahi ko makaho ba zai yi haka ba. Hannu ya mutu."

Aka yi dariya. Alhajin ya juyo ya dube ni yana jira. Magana ɗaya ce za ta wanke ni, tana nan a bakina. Na dubi mutanen da ke kan bencin, wasu na san su, wasu ban taɓa ganinsu ba, duk sun kasa kunne.

Na ce, "Tsufa ne, Alhaji."

Ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ja wancan maginin gefe suka yi magana. Maganar ta bazu, kuma daga ranar ba wanda ya sake nemana da aikin rumbu.

Mutanen daji sun sake shiga ƙauyen a shekarar. Sun bincika gidan Yaya, sun leƙa kangon, sun wuce. Tsakiyar damina, lokacin da hatsi ke yanke wa kowa, ta aiko mai mashin da ƙullin dawa a bakin zane. Na kwance, ga ta jawur, ba ƙwaro, ba warin danshi. Matata ta ɗiba tana juyawa a tafin hannu, ta ce ikon Allah, a ina Yaya ta ajiye dawa haka har yanzu?

Na ce mata ban sani ba.